Hantar Ɓera da Tarihin Masu Binciken Ƙwayoyin Gado

Binciken hanta sana'a ce mai dogon tarihi, wadda take da kayan aikinta da manyan malamanta da garuruwan da ta yi ƙarfi a cikinsu a zamani daban-daban, tun daga Paris ta ƙarni na 19 har zuwa New York da Geneva na shekarun 1980. Tambayar da ta daɗe tana cin tuwo a ƙwaryar masu wannan sana'a ita ce yadda gaɓa guda, wadda nauyinta a jikin baligi bai wuce kimanin kilo ɗaya da rabi ba, take iya adana sukari da sarrafa kitse da samar da ruwan matsarmama da karya dafin magunguna, sannan kuma ta ƙera mafi yawan furotin da ke yawo a cikin ruwan jini. Mafi yawan amsar da aka samu daga hantar ɓera ta fito, amma marasa lafiya ne suka tabbatar da ita, kuma sau da yawa ta hanyar cututtukan da ba wanda ya zaci suna da alaƙa da hanta.

Mutanen Babila sun ɗauki hantar tunkiya abin yin duba, har suka bar siffofinta na yumɓu masu rubutu a jiki, waɗanda wasunsu ke ajiye a gidan tarihi na Landan. Jalinus, likitan Girka na ƙarni na 2 Miladiyya, ya koyar da cewa a hanta ne abinci ke rikiɗa ya zama jini, kuma Ibnu Sina ya ɗora a kan wannan fahimta a littafinsa na Alƙanun, wanda aka yi ƙarnoni ana karantar da shi a makarantun likitanci na ƙasashen Musulmi da na Turai. A 1654 Francis Glisson na Ingila ya wallafa littafi sukutum a kan tsarin hanta, a 1666 Marcello Malpighi na Italiya ya bayyana ƙananan curarrakin da ta kasu a cikinsu, amma duk wannan siffantawa ce ta abin da ido ya gani, ba ta kai ga bayanin aikin da gaɓar ke yi ba.

Wanda ya mayar da binciken hanta sana'ar gwaji shi ne Claude Bernard na Faransa. A zamaninsa masana sun yarda cewa tsirrai ne kaɗai ke ƙera sukari, dabbobi kuwa nasu shi ne su ci su ƙone shi, sai ga shi a 1848 ya sami sukari a jinin da ke fitowa daga hantar karnukan da ba a ba su komai mai zaƙi ba. A 1855 ya yi gwajin da ya fi shahara da shi, inda ya cire hanta ya ɗura mata ruwa ta jijiyarta har sukarin da ke ciki ya wanke sarai, ya bar ta ta kwana, da ya sake aunawa kuma sai ya tarar sukari ya dawo da yawa. Wannan ya nuna cewa akwai wani abu a ajiye a cikin naman hantar wanda ruwa bai tafi da shi ba, kuma daga gare shi sukarin ke fitowa; a 1857 ya ware wannan abu ya sa masa suna gilaikojin, wato sitacin da dabba ke tarawa domin lokacin yunwa. Abin da Bernard ya gadar wa na bayansa ya wuce wannan sinadari, domin dabarar ɗura ruwa ta jijiyar hanta ita ce aka yi ta gyarawa ana amfani da ita fiye da shekara ɗari bayansa.

A ƙarni na 19 ne kuma aka tabbatar da cewa kowace gaɓa tarin ƙwayoyin halitta ce, wato ƙananan ɗakunan rai da ba a ganinsu sai da madubin ƙara girma, kowane da fatarsa da cibiyarsa. Hanta tana da irinsu da dama, ciki har da waɗanda ake kira da sunan Karl von Kupffer na Jamus, masu cinye ƙwayoyin cuta da tarkacen jini, amma nau'i guda ne ya mamaye kimanin kashi 80 cikin ɗari na girmanta, kuma shi ake nufi idan an ce ƙwayar hanta. Wannan rinjaye na nau'i ɗaya, tare da girman gaɓar da laushinta, shi ya sa hantar ɓera ta zama abin aikin da masana sinadaran jiki suka fi so. A 1931 George Higgins da Reuben Anderson na asibitin Mayo a Amurka suka nuna cewa ana iya yanke kashi biyu cikin uku na hantar ɓera, ragowar ta girma ta mayar da nauyinta cikin mako ɗaya zuwa biyu. Albert Claude, ɗan Beljiyam da ke aiki a cibiyar Rockefeller ta New York, ya ƙware wajen niƙa hanta da juya ruwanta a na'ura mai tsananin gudu har sassan ƙwayoyin su rabu bisa nauyinsu, kuma da irin wannan dabara Christian de Duve ya gano a 1955, a Louvain, ƙananan jakunkunan da ƙwayar halitta ke narkar da tarkacenta a ciki. Su biyun, tare da George Palade, sun sami lambar Nobel a 1974.

Gano tsarin DNA a 1953 ya sauya tambayar gaba ɗaya. DNA shi ne dogon sinadarin da ke cibiyar ƙwayar halitta, wanda aka rubuta umarnin gado a jikinsa da haruffa huɗu na sinadari, kuma kowane yanki nasa da ke ɗauke da umarnin ƙera furotin guda shi ake kira ƙwayar gado. A 1962 John Gurdon ya nuna a Oxford cewa cibiyar da aka ciro daga ƙwayar hanjin talibambam tana iya samar da cikakkiyar halitta idan aka dasa ta a ƙwan kwaɗo, abin da ke nufin cewa ƙwayar hanji ba ta zubar da sauran umarnin jiki ba. Idan haka ne, ƙwayar hanta da ƙwayar fata duk rubutu ɗaya suke ɗauke da shi, sai a tambaya me ya sa ta hanta ce kaɗai ke ƙera albumin, furotin da ya fi yawa a ruwan jini. François Jacob da Jacques Monod na cibiyar Pasteur sun riga sun ba da haske a 1961, lokacin da suka nuna a cikin bakteriya cewa akwai wani sinadari na musamman, wanda daga baya aka gane furotin ne, da ke maƙalewa a wani gurbi na DNA ya hana a karanta ƙwayar gadon da ke kusa. Karantawa a nan na nufin kwafe umarnin zuwa wani sinadari mai suna RNA ɗan aike, wanda ke kai shi inda ake ƙera furotin. Sai dai gano irin waɗannan furotin masu sarrafa ƙwayoyin gado a cikin hanta ya ci fiye da shekara ashirin, saboda ƙarancinsu a cikin ƙwaya da kuma rashin kayan aiki.

Ɗaya daga cikin kayan aikin ya samu a 1969, lokacin da Michael Berry da Daniel Friend a San Francisco suka ɗura wa hantar ɓera wani enzayim mai narkar da zaren da ke ɗaure ƙwayoyi da juna, suka sami miliyoyin ƙwayoyin hanta rayayyu a warwatse, kuma Per Seglen na Norway ya inganta dabarar a shekarun 1970 ta zama mataki biyu, yadda har yau ake yin ta. Murnar ba ta cika ba, domin da zarar an shimfiɗa ƙwayoyin a faranti sai su fara mance aikinsu, cikin kwanaki kaɗan ƙera furotin na hanta ya ragu ƙwarai. Saboda haka da yawa suka koma ga ƙwayoyin da aka samo daga ƙarin hanta, masu hayayyafa ba iyaka, kuma a nan sana'ar ta yi tuntuɓen da ba ta cika son tunawa da shi ba. Ƙwayoyin da aka sani da sunan hantar Chang, waɗanda aka yi shekaru ana rubuta sakamako a kansu, daga baya an gano cewa ƙwayoyin HeLa ne na kansar bakin mahaifa da suka gurɓata farantin. HepG2 kuwa, da aka bayyana a 1979 daga cibiyar Wistar ta Philadelphia, an daɗe ana ɗaukarsu a matsayin kansar hanta irin ta manya kafin a nuna a 2009 cewa asalinsu wata kansar hanta ce ta yara. Duk da haka irin waɗannan ƙwayoyi sun yi rana. A farkon shekarun 1970 Mary Weiss da abokan aikinta a Faransa sun haɗe ƙwayar ƙarin hanta da ƙwayar da ba ta hanta ba suka zama guda, suka ga ayyukan hanta sun mutu a cikin haɗin, sannan sukan farfaɗo idan haɗin ya zubar da wasu ƙunshin gadon baƙuwar ƙwayar. Wannan shaida ce cewa zama ƙwayar hanta hali ne da ake riƙe da shi kullum, kuma ana iya kashe shi ko a kunna shi.

A 1981 ɗakin binciken James Darnell a Rockefeller ya auna saurin kwafe ƙwayoyin gado a cibiyoyin da aka ciro daga hanta da ƙwaƙwalwa, ya nuna cewa bambancin yana faruwa ne tun a matakin kwafewa, a 1986 kuma ƙungiyar Ueli Schibler a Geneva ta nuna cewa ruwan da aka tatso daga cibiyoyin hanta yana iya karanta mafarin ƙwayar gadon albumin a cikin kwalbar gwaji da ƙarfin da ruwan ƙwaƙwalwa ko na saifa ba ya kaiwa. Daga nan farauta ta buɗe. Aikin na wahala ne da haƙuri: a tara hantar ɓeraye masu yawa, a niƙa a ɗaki mai sanyi, a ware cibiyoyin, a tace furotin ɗinsu mataki bayan mataki, a kowane mataki ana gwada wane kaso ne ke maƙale wa ɗan guntun DNA da ke gaban ƙwayar gadon. Ta haka ƙungiyar Steven McKnight a Baltimore ta ware furotin mai suna C/EBP, mai jure zafi, kuma a 1988 ta lura cewa a wani ɓangare nasa sinadarin lusin yana maimaituwa a kowane gurbi na bakwai, tsarin da ke sa furotin biyu su sarƙe da juna kafin su kama DNA, wanda daga baya aka same shi a furotin masu yawa da ba su shafi hanta ba. Wani furotin mai suna HNF1 ya fito daga aikin Gerald Crabtree a Stanford da Moshe Yaniv a Paris da Riccardo Cortese a Heidelberg, kowannensu ta tasa hanyar, kusan a lokaci guda. A ɗakin Darnell, Robert Costa ya gano HNF3 da HNF4 a 1989, Frances Sladek kuma ta ware ƙwayar gadon HNF4 a 1990 ta nuna cewa dangin furotin ɗin da ke karɓar saƙon homon ne a cikin cibiya.

Masu binciken sun shiga farautar da fatan samun furotin guda da ke hanta kaɗai, wanda zai zama sirrin gaɓar, amma ba su same shi ba. HNF1 da HNF4 suna nan a ƙoda da hanji da fankiriyas, wato gaɓar da ke samar da insulin. C/EBP yana da yawa a ƙwayoyin kitse. HNF3 kuwa an ga kamanninsa da wani furotin na ƙudan 'ya'yan itace. Abin da ya keɓanta ga hanta shi ne haɗuwarsu a wuri ɗaya da gwargwadon yawan kowanne, kamar ƙofar baitulmali mai kwado da yawa wadda ba ta buɗuwa sai duk masu riƙe da makullan sun hallara. A 1992 aka ƙara gano cewa HNF4 ne ke kunna ƙwayar gadon HNF1, wato masu sarrafawar suna sarrafa junansu, kuma wannan ya bayyana dalilin da ya sa ƙwayar hanta ke iya riƙe halinta tsawon rayuwa, da dalilin da ya sa take sakinsa idan aka raba ta da maƙwabtanta.

Akwai wani abu da ya faru a ɗakin Schibler wanda ya cancanci a ɗan tsaya a kansa, domin yana nuna yadda al'adar ma'aikaci kan shiga cikin sakamakonsa. An gano wani furotin mai suna DBP da yawa a cibiyoyin hanta, amma da sabon ɗalibi, Jérôme Wuarin, ya karɓi aikin sai ya kasa ganinsa, har aka fara shakkar sakamakon farko. Da aka bi diddigi sai aka gane cewa mai aikin farko yakan ciro hantar ɓerayensa bayan rana ta yi nisa, ɗalibin kuwa mai sammako ne, kuma furotin ɗin yana ƙaruwa ne da yamma ya kusan ɓacewa da safe. Sakamakon da suka wallafa a 1990 yana cikin shaidun farko da suka nuna cewa karatun ƙwayoyin gado a hanta yana bin agogon dare da rana.

Shaida ta farko mai ƙarfi daga jikin ɗan Adam kan muhimmancin waɗannan furotin ta zo ne daga wata cutar jini. A 1970 likitoci a Leiden ta Holan suka bayyana wani nau'in cutar rashin daskarewar jini mai ban mamaki, inda yara maza ke fama da zubar jini saboda ƙarancin furotin na tara na daskarewa, wanda hanta ke ƙerawa, amma bayan sun balaga sai furotin ɗin ya riƙa ƙaruwa shekara bayan shekara har cutar ta yi sauƙi ƙwarai. Da aka karanta ƙwayar gadonsu sai aka tarar umarnin ƙera furotin ɗin lafiyarsa ƙalau, kuskuren yana mafarin ne, a gurbin da masu sarrafawa ke zama. A 1990 Merlin Crossley da George Brownlee na Oxford suka nuna cewa sauyin harafi ɗaya a wasu iyalai ya lalata mazaunin C/EBP, a 1992 kuma aka nuna cewa a wasu iyalan mazaunin HNF4 ne ya lalace, yayin da sauƙin da ke zuwa bayan balaga ke da nasaba da homon ɗin da ke tashi a wannan lokaci.

Shaida ta biyu ta fi ba da mamaki. Tun ƙarshen shekarun 1950 Stefan Fajans na jami'ar Michigan yake bin wani babban dangi da ciwon sukari ke bayyana a cikinsa tun a ƙuruciya, yana bin jini daga iyaye zuwa 'ya'ya ba ya tsallake zuriya, kuma masu shi ba su da ƙiba, ba sa buƙatar insulin nan take. Robert Tattersall ya bayyana irin waɗannan iyalai a Landan a 1974, aka sa wa cutar suna MODY. A Disambar 1996 ƙungiyar Graeme Bell a Chicago ta wallafa cewa kuskure a ƙwayar gadon HNF4 ne ke jawo cutar a dangin Michigan, kuskure a ta HNF1 kuma shi ke jawo wani nau'in da ya fi yawa. Furotin biyun da aka tatso daga hantar ɓera sai ga shi lahaninsu ya fi bayyana a ƙwayoyin fankiriyas masu fitar da insulin. Amfanin wannan ga marasa lafiya bai tsaya a takarda ba, domin a 2003 ƙungiyar Andrew Hattersley a Exeter ta nuna cewa masu lahanin HNF1 suna amsa tsofaffin ƙwayoyin maganin sukari na dangin salfonilyuriya sosai, har wasu da suka yi shekaru suna yi wa kansu allurar insulin bisa kuskuren ganewa suka daina. A wannan tsakani kuma an samar da ƙananan ɓeraye da aka cire musu ƙwayoyin gadon ɗaya bayan ɗaya; waɗanda suka rasa C/EBP alfa, kamar yadda aka ruwaito a 1995, sukan mutu cikin sa'o'i kaɗan da haihuwa saboda hantarsu ba ta tara gilaikojin ba.

Kansar hanta ita ce inda wannan tarihi ya taɓa Afirka kai tsaye. A 1960 fiye da talo-talo 100,000 suka mutu a Ingila bayan cin abincin da aka haɗa da tunkuzar gyada daga Brazil, kuma binciken musabbabin ya kai ga gano aflatoksin, dafin da wata fumfuna ke fitarwa a gyada da masara idan an girbe su cikin damshi ko an ajiye su ba su bushe ba. A 1965 Baruch Blumberg ya bayyana wani furotin a jini wanda aka gane daga baya cewa rigar ƙwayar cutar ciwon hanta nau'in B ce, a 1981 kuma Palmer Beasley ya ruwaito daga bin maza 22,707 a Taiwan cewa masu ɗauke da wannan ƙwayar cuta sun fi sauran shiga haɗarin kansar hanta ninki fiye da ɗari. A 1991 rahotanni biyu suka fito tare, ɗaya daga Qidong ta ƙasar Sin, ɗaya daga kudancin Afirka, dukansu suna nuna sauyin harafi ɗaya a gurbi na 249 na ƙwayar gadon p53. A samfuran Qidong, ƙari 8 cikin 16 suna ɗauke da shi. Shi p53 furotin ne mai sarrafa ƙwayoyin gado, wanda aikinsa shi ne tsayar da rabuwar ƙwayar da DNA ɗinta ya lalace ko umartarta da ta mutu, kuma sauyin gurbi na 249 yana hana shi kama DNA yadda ya kamata. Irin sauyin ya dace da lahanin da aflatoksin ke yi bayan hanta da kanta ta mayar da shi sinadari mai maƙale wa DNA, an kuma same shi daga baya a marasa lafiya a Senegal da Gambiya, yayin da yake da wuyar samu a Turai da Amurka. Wani bincike a Shanghai ya nuna cewa haɗuwar dafin da ƙwayar cutar a jikin mutum ɗaya tana ninka haɗarin kusan sau 60. Yankunan noman gyada da masara na Afirka ta Yamma, har da ƙasar Hausa, suna cikin wuraren da abubuwan biyu suka haɗu.

Idan aka auna sana'ar da ma'aunin magani, dole a ce ta fi ƙarfi wajen bayani. Magungunan rage kitsen jini na dangin sitatin sun shiga kasuwa a 1987, amma sai a 1993 Michael Brown da Joseph Goldstein na Dallas suka ware SREBP, furotin ɗin da ke sa hanta ta ƙara kwasar kolestarol daga jini idan an sha su. Gina magani da gangan a kan waɗannan furotin ya zo a makare, kuma misalinsa na kusa shi ne resmetirom, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a Maris 2024 a matsayin maganin farko na kumburin hanta mai kitse da ya fara tabo, yana aiki ta hanyar kunna mai karɓar saƙon homon ɗin maƙoshi a cibiyar ƙwayar hanta. A 2011 ƙungiyoyi biyu, a Shanghai da Japan, sun mayar da ƙwayoyin da ba na hanta ba na ƙananan ɓeraye masu kama da na hanta ta hanyar cusa musu furotin biyu ko uku daga cikin masu sarrafawa, wanda hakan tabbaci ne mai kyau ga aikin shekarun 1980, ko da yake bai maye gurbin dashen hanta ba. Lahanin p53 kuwa, fiye da shekara talatin bayan gano shi, ba shi da maganin da aka amince da shi mai gyara shi. Raguwar kansar hanta da aka gani ta zo ne ta hanyoyi masu arha: a Qidong mace-mace sun ragu bayan mutane sun koma cin shinkafa maimakon masara tun daga shekarun 1980, a Taiwan kuma, inda aka fara yi wa jarirai allurar rigakafin nau'in B a 1984, kansar hanta a tsakanin yara ta ragu da kusan rabi cikin shekara goma. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar a yi wa kowane jariri allurar farko cikin sa'o'i 24 da haihuwarsa.